Gasar Gida, Ƙaramin Kulob a Turai, ko Kuɗin Larabawa: Ina Ya Kamata Yaro Ya Fara?

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani dattijo maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci riƙe da wayar ɗansa. Yaron yana tsaye can gefe, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi. Shekararsa 18 da 'yan watanni, kuma duk mai zuwa kallon wasan unguwa da la'asar ya san abin da ƙafarsa ta hagu ke yi wa masu tsaron baya. Dattijon ya ce, "Malam, kai ne ka san kan wannan harka. Duba mana takardar nan. Sun ce in an kawo kuɗin jirgi da na biza, ƙarshen wata zai tafi." Na ce, "To Baba, wace ƙasa ce?" Sai ya waiwaya ya dubi yaron. Yaron ya ambaci wata ƙasa a gabashin Turai, amma sunan kulob ɗin sai da ya sake leƙa wayar.

Da muka zauna a dakali aka fara warware zance, ashe ba wannan ce kaɗai ƙofar da ta buɗe masa ba. Wani kulob da ke buga gasar ƙasa ya ce ya zo a yi masa rajista. Kocinsa kuma yana ta ce masa ya yi haƙuri, akwai masu farautar 'yan wasa da ke zuwa daga ƙananan kulob-kulob na Turai. Ga wani kawunsa da ke aiki a ƙasar Larabawa yana ta turo saƙon murya cewa can ne kuɗi suke. Abin da na faɗa musu a daren ya yi gajarta, shi ya sa nake so in shimfiɗa shi a nan, domin na san gidaje da yawa daga Kano zuwa Maraɗi, daga Jos zuwa zangon Kumasi, suna cikin irin wannan tsaka mai wuya.

Takardar cikin wayar ba ta ci mana lokaci ba. Kulob ɗin da ya ga yaro yana so, shi ke aiko da tikiti, shi ke ɗaukar nauyin masauki. Duk inda aka ce iyaye su sayar da fili ko shanu a kawo kuɗin tafiya gwaji, to kuɗin ake nema, ba ƙafar yaron ba. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba mutum izinin aiki, kuma in ta ƙare yaro ya zama ɗan ɓuya a ƙasar da bai san kowa ba. FIFA ta dawo da jarrabawar dillalan 'yan wasa a 2023, mai lasisi ana iya duba sunansa a intanet cikin minti biyar. Haka nan dokar FIFA ta hana a ɗauki ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan da ba kasafai suke shafar yaranmu ba. Ahmed Musa da kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. A 2021 FIFA ta hana Spezia ta Italiya sayen 'yan wasa saboda shigo da yara 'yan Najeriya da ba su kai shekarun ba. Saboda haka duk mai cewa zai fitar da ɗan shekara 15 ta bayan gida, ya riga ya gaya maka irin mutumin da yake.

To, a ce tayin na gaskiya ne. A nan ne zaɓi ke da wuya, kuma babban tarkon da ke ciki shi ne suna.

Mu dubi yaran Golden Eaglets da suka ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyu a jere, a 2013 da 2015. Taiwo Awoniyi yana cikin na 2013. Liverpool ta ɗauke shi a 2015, gari ya ɗauka, aka yi ta yawo da hotonsa. Ya shekara shida a matsayin ɗan wasan Liverpool ba tare da ya buga mata wasan gasa ko ɗaya ba, saboda ba shi da takardar izinin aiki a Ingila. Aka yi ta bayar da shi aro: FSV Frankfurt, NEC Nijmegen, Mouscron, Gent, ya sake komawa Mouscron, sai Mainz, sai Union Berlin. Kowace kaka sabon gari, sabon koci, wani lokaci har sabon harshe. Sai da Union Berlin ta saye shi gaba ɗaya a 2021 sannan ya samu natsuwa, ya zura ƙwallo 15 a Bundesliga a kaka guda, kuma a shekarar ce ya fara saka rigar Super Eagles, yana da shekara 24. Da ya zo Nottingham Forest a 2022, shi ya ci ƙwallon da ta doke Liverpool ɗaya da nema. Labarin ya yi kyau daga ƙarshe, amma shekara shida a rayuwar ɗan ƙwallo kusan rabin jarinsa ne.

Kelechi Nwakali shi ne kyaftin ɗin na 2015, shi aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya a Chile. Arsenal ta ɗauke shi a 2016. Shi ma bai taɓa buga mata wasan gasa ba, ya yi ta zaman aro a Holan da Fotugal har aka sallame shi zuwa Huesca ta Sifaniya a 2019. Abokin wasansa Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a wannan gasa, ya tafi Wolfsburg ta Jamus. Shekara ɗaya da rabi bai ga raga ba, ga rauni, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da shi a 2018. Kulob biyu na Beljiyam suka gwada shi suka ce ba sa so. Charleroi ce ta karɓe shi aro, kulob ɗin da galibin masu kallon gidajen ƙwallo ba su taɓa jin sunansa ba. Nan ya ci ƙwallo 20 a kaka ɗaya. Daga nan Lille a 2019, Napoli a 2020 a kan kusan yuro miliyan 70, kofin Serie A da ƙwallo 26 a 2023, da kambun gwarzon Afirka a shekarar. Wato Osimhen sai da ya sauko mataki ɗaya sannan ya iya hawa.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Kocin babban kulob aikinsa yana rataye da sakamakon Asabar mai zuwa. Ba shi da lokacin da zai jira yaro ya yi kuskure ya gyara, ga shi a bencinsa akwai wanda aka saya da miliyoyi. Ƙaramin kulob a Beljiyam ko Denmak ko Fotugal kuwa sana'arsa kiwo ce: ya sayi ɗan maraƙi da araha, ya turke shi, ya sayar da tsada. In bai saka yaron a fili ba, masu saye ba za su gan shi ba, jarinsa ya karye. Buƙatarka da tasa sun zo ɗaya, kuma a harkar ƙwallo wannan ya fi duk wani alkawarin baki.

Jerin waɗanda suka bi wannan hanya yana da tsawo. Wilfred Ndidi ya tashi daga makarantar Nath Boys ta Legas zuwa Genk a 2015, bayan shekara biyu Leicester ta ɗauke shi ya maye gurbin da N'Golo Kanté ya bari. Sadio Mané ya fara daga Génération Foot ta Dakar zuwa Metz, wadda ke rukuni na biyu a Faransa a lokacin, sai Salzburg a 2012, Southampton a 2014, sannan Liverpool a 2016. Mataki huɗu, kowanne ya ɗan ɗara na baya. Mohamed Salah ya bar Al Mokawloon zuwa Basel a 2012. Da ya yi tsalle zuwa Chelsea a farkon 2014 sai benci ya riƙe shi, ya koma Italiya, Fiorentina da Roma suka sake gina shi kafin Liverpool ta zo a 2017. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Akra inda Hausa ke cikin harsunan titi, ya fito daga makarantar Right to Dream zuwa Nordsjælland ta Denmak a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Nasa ya fi sauƙi domin masu makarantar su ne suka sayi kulob ɗin na Denmak, hanya ce shararriya tun daga aji har fili.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Zaidu Sanusi, ɗan jihar Kebbi. Shi babu Kofin Duniya na yara a tarihinsa, babu jarida da ta yi ta kururuta shi. Ya yi shekaru a Mirandela, a rukuni na uku na Fotugal, wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin ƙasar. Daga nan Santa Clara a 2019, kulob ɗin da ke can tsibiran Azores a tsakiyar teku. Kaka ɗaya ya yi Porto ta ɗauke shi a 2020, kuma a shekarar aka kira shi Super Eagles. A watan Mayun 2022, a gidan Benfica, ana dab da tashi, shi ya sheƙo da gudu daga baya ya zura ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar. Duk yaron da ke raina rukuni na uku ya nemi hoton wannan ƙwallo ya kalla.

Kada a ce na ɓoye ɗaya gefen. Akwai waɗanda suka shiga babban gida suna yara kuma suka zauna daram. Nwankwo Kanu ya tafi Ajax a 1993, ya ɗaga kofin Zakarun Turai a 1995. Mikel Obi, ɗan Jos, ya shiga Chelsea a 2006 yana da shekara 19 ya yi fiye da shekara goma, ko da yake shi ma ta Lyn ta Nowe ya biyo. Kelechi Iheanacho ya ci wa Manchester City ƙwallaye kafin ya nemi inda zai riƙa buga wasa kullum, ya koma Leicester a 2017. Irin waɗannan ana ƙirga su da yatsu, kuma kowane uba gani yake ɗansa ne Kanu na gaba.

Ita ma ƙaramar hanyar tana da ƙaya. Albashin rukuni na biyu ko na uku a Turai, in aka cire haya da abinci da haraji, abin da ya rage bai kai yadda 'yan uwa ke zato ba, su kuwa tun ranar da jirgi ya tashi suka fara lissafin gini da kujerar Makka. Sai sanyi da kaɗaici. Victor Boniface ya fara ne a Bodø/Glimt a 2019, a can ƙuryar arewacin Nowe inda rana ke ɓacewa a tsakiyar hunturu, kuma sau biyu jijiyar gwiwarsa tana tsinkewa a can. Ya jure, ya wuce Union Saint-Gilloise a 2022, ya je Leverkusen ya ci Bundesliga a 2024 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Amma a bayan kowane Boniface akwai yaran da rauni ɗaya ya sa aka ƙi sabunta musu kwantiragi, suka dawo shiru, ko suka ƙi dawowa don kunya. Yaron da bai taɓa dafa wa kansa ko shayi ba, ga azumi a ƙasar da yini ke da tsawon gaske in ya faɗo a bazararsu, ga ba masallaci kusa, ga ba mai ce masa sannu da Hausa, ƙwallon ma sai ta gagare shi. Wannan ba ya cikin takardar kwantiragi, amma yana kayar da 'yan wasa fiye da mai tsaron baya.

Akwai kuma haɗarin mataki na biyu. 'Yan Nijar sun san Moussa Maâzou, wanda ya ci ƙwallon da Mena, tawagar ƙasar Nijar, ta doke Masar a Yamai a 2010, a kan hanyar zuwa Kofin Afirka na farko a tarihin ƙasar a 2012. Ya fara daidai: daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, yana ta cin ƙwallo. Shekara guda kacal CSKA Moscow ta saye shi. Bai kafu a can ba, aka shiga bayar da shi aro, Monaco, Bordeaux, daga nan ya yi ta zagaya ƙasashe. Da ya ƙara kaka ɗaya ko biyu a Beljiyam, wa ya san inda zai kai? Sauri ya haifi nawa.

Yanzu gasar gida, wadda yaran yanzu ke yi wa kallon wurin jiran mota. Ina ganin an raina ta fiye da kima. Ahmed Musa ya yi JUTH ta Jos, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar. Lokacin da ya isa Holan ya riga ya san yadda ake wasa da manya masu gemu da ke neman abincin iyalinsu, ya san ihun 'yan kallo a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ranar da Sai Masu Gida ba su ci ba. Wannan tarbiyya ce da wasan yara ba ya bayarwa. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, ya ci kofin lig da Pillars, ya buga gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida a 2014, daga nan ya fita Kuwaiti, Fotugal, Saifurus, Turkiyya. Ya samo tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ya buga Kofin Duniya a 2018. Ba a taɓa jin sunansa a Firimiya ba, amma 'yan wasa nawa ne za su iya ajiye irin wannan tarihi a kan tebur?

Sai Rabi'u Ali, Pele na Kano, wanda ya zauna a gida. Ya ci lig sau uku a jere da Pillars, 2012, 2013, 2014, ya je CHAN sau biyu, har wasan ƙarshe a 2018. A Kano ba shi da buƙatar gabatar da kansa ga kowa. Wannan ma rayuwa ce ta mutunci, kusa da iyaye, 'ya'ya suna tashi a gabanka. Sai dai in za a faɗi gaskiya, babbar tawagar Super Eagles ba ta cika waiwayar na gida ba. Koci Stephen Keshi ne ya yi ƙarfin hali ya tafi da shida daga gasar gida zuwa Kofin Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu a 2013, kuma ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Kwaddibuwa a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Bayan Keshi ƙofar ta koma 'yar tsaga, galibi mai tsaron raga na uku ake ɗauka don a rufe bakin masu magana.

Abin da ke kashe gwiwa a gida kowa ya sani. Yawancin kulob-kulob na gwamnatocin jihohi ne, albashi da kuɗin sa hannu suna iya maƙalewa watanni in gwamnati ta sauya ko asusu ya bushe. Tafiya wasan waje a mota ce, yini guda a hanya, a sauka da kumburarrun ƙafafu a shiga fili washegari. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, 'yan wasa biyar suka ji rauni. In gwiwa ta tsinke, sau da yawa ɗan wasa da danginsa ne ke neman kuɗin aiki. Saboda haka a ganina gasar gida makaranta ce mai kyau ta kaka biyu, ko uku in ta yi yawa, ga yaron da ke tsakanin 17 da 20. In ya wuce 23 bai fita ba, masu saye daga Turai sun fara juya baya, domin su ma sayarwa za su yi gaba.

A nan ne hanya ta uku take shigowa, kuma ya kamata a raba ta biyu, domin mutane suna haɗa Masar da Saudiyya a kwando ɗaya. Arewacin Afirka da Afirka ta Kudu gasa ce ta gaske, da filaye masu kyau da wasannin Zakarun Afirka. Junior Ajayi ya bar Shooting Stars zuwa Sfaxien ta Tunisiya, ya koma Al Ahly a 2016, ya ɗaga kofin Zakarun Afirka a 2020 da 2021. A Alƙahira sarki ne, amma a Super Eagles bai taɓa samun gurbin zama ba, kuma Turai ba ta zo ba. Manyan kulob-kulob na can ba su cika sakin ɗan wasa da araha ba, ba kiwo suke yi ba, kofi suke nema. Su 'yan ƙasar abin ya fi yi musu daɗi: Mohamed Aboutrika ya yi kusan duk rayuwarsa ta ƙwallo a Masar, ya ci Kofin Afirka a 2006 da 2008, domin tawagar ƙasarsu daga gasarsu ake gina ta. Baƙo ba shi da wannan gata. Amma ga Stanley Nwabali, wanda ya bar Katsina United zuwa Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022. Can aka gano shi, ya zama golan Najeriya a gasar Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, ya tare fenariti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudun kanta. Ga mai tsaron raga, ko ɗan wasan da ya haura 23, wannan hanya ta fi zaman jiran Turai nesa ba kusa ba. Abin lura kawai, ƙananan kulob-kulob na yankin su ma ana yawan kai ƙararsu FIFA kan rashin biyan albashi, sai an bincika kafin a sa hannu.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa, tambayar ita ce shekara nawa gare ka. Ana yawan cewa wanda ya tafi can ya yi sallama da tawagar ƙasarsa. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Asamoah Gyan ya bar Sunderland zuwa Al Ain a 2011 yana da shekara 25, aka yi ta zaginsa, amma yana can ya je Kofin Duniya na 2014 ya cika ƙwallo 6, abin da babu ɗan Afirka da ya kai. Haka ma Odion Ighalo, ko da yake shi ƙasar Sin ya tafi, yana can ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Afirka na 2019. Franck Kessié yana Al Ahli ta Jidda ya farke wa Kwaddibuwa ƙwallon da Najeriya ta ci su a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a 2024. Sai dai duk waɗannan sun riga sun yi suna a Turai kafin su tafi, sunan ne aka saya da tsada. Yaro ɗan 18 da ba wanda ya sani ba zai ga irin kuɗin da Mané ya samu a Saudiyya ba. Zai faɗa ƙaramin kulob ne, inda gurbin baƙi ƙidayayye ne, in ya yi wasa uku bai ci ba a nemi wani. Masu farauta daga Turai kuma ba can suka fi zuwa ba. Wannan kasuwa ce ta girbi, a je ta bayan an yi noma.

Rayuwar Ahmed Musa ita kaɗai ta ratsa duk hanyoyin nan, shi ya sa nake yawan komawa gare ta. Gida, sai ƙaramin kulob a Holan, sai CSKA Moscow a farkon 2012 inda ya ci lig ɗin Rasha sau uku, yana can ya ci Kofin Afirka a 2013 ya kuma zura wa Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014. Leicester ta saye shi a 2016 a kan kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba a lokacin. A nan abin ya tsaya, ƙwallo biyu kacal a lig, daga baya ko benci ba ya samu. Abin da ya yi a watan Janairun 2018 shi nake so yara su riƙe: ya bar Firimiya da duk ƙyalƙyalinta ya koma CSKA aro don ya riƙa buga wasa. Bayan wata biyar ya zura wa Iceland biyu a Kofin Duniya, a Volgograd ta Rasha. Da ya zauna yana ɗumama kujera a Ingila don kada a ce ya ci baya, da wuya ƙafarsa ta yi wannan kaifi. Bayan nan ne ya tafi Al Nassr, yana da shekara 25 da suna a hannu, ya ci lig ɗin Saudiyya a 2019. Da ya rasa kulob na 'yan watanni, ya dawo Pillars a 2021 maimakon zaman gida. Kocin ƙasa yana iya yin shekara bai tambayi nawa ake biyanka ba, amma kullum sai ya tambayi wasa nawa ka buga a watan jiya.

Akwai abubuwa biyu na takarda da iyaye ba su cika sani ba. Na farko, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa kulob-kulob da makarantun da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai wanda aka yi wa rajista a hukumance. Kocin unguwar da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda, in babu sunansa a rajista, ko sisi ba zai gani ba. Na biyu, dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar raba gari da kulob in an riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya rubuta musu takardar gargaɗi ya ba su kwana 15. Wannan dama ba ta aiki sai da kwantiragi a rubuce, da kwafinsa a hannun ɗan wasan, ba a jakar dillali ba. Batun rage shekaru kuma, wanda wasu ke ɗauka wayo ne, tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma fasfo biyu masu ranar haihuwa daban-daban sun isa su rushe ciniki a ranar sa hannu.

Shi dattijon nawa, da na gama zuba, ya yi shiru sannan ya ce, "To Malam, in ɗanka ne fa?" Na ce, "Baba, in ɗana ne, filin nan ba za a sayar ba. Ya je kulob ɗin nan na gida ya sa hannu na shekara ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka, a karanta takardar a gaban wanda ya san doka. Ya samu wanda zai riƙa ɗaukar wasanninsa a bidiyo, cikakken wasa, ba guntayen yanka da gwaninta ba. In mutanen Fotugal ko Denmak ɗin sun zo da tikitinsu, a tambaye su abu uku: a wace tawaga zai buga, yara nawa 'yan Afirka suka saka a fili a kakar bara, kuma wa zai biya in ya ji rauni. Kawunsa kuma a ce masa an gode, a ajiye lambarsa zuwa nan da shekara takwas."

Yaron bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Ya riga ya gaya wa abokansa ƙarshen wata zai tafi. Ya karɓi wayarsa ya ce, "Na gode, Kawu," cikin muryar da ba ta kai zuci ba. Bayan kwana biyu na hango shi da sassafe yana zagaya filin makarantar firamare shi kaɗai, da takalmansa rataye a wuya. Mai takardar kuwa, da aka ce masa ya turo lambar lasisinsa, har yau bai amsa ba.